Salwar Gwaggo Laure da Wuƙar Baffa

A da, idan ana zancen Gwaggo Laure a gidanmu na Fulatan, magana ɗaya ce take fitowa daga bakin kowa: mai haƙuri ce. Ni kuwa duk sanda na ji haka sai raina ya ɓaci. Ba wai ƙarya suke yi ba. Abin da yake ƙona mini rai shi ne, waɗanda suka fi yabon haƙurin nata su ne suka fi kowa morarsa.

Ƙanwar mahaifina ce, ita ce autarsu, kuma ita kaɗai ce mace a cikin su biyar. Ni Munawwara, a hannunta aka yaye ni, shi ya sa ko bayan na girma na koma Karaye da aikin koyarwa, ɗakinta nake fara leƙawa idan na zo gida. Tun tana yarinya Allah ya yi mata ido. Ita ce take fara gane akuyar da za ta kwanta ciwo, ita ce ta san inda kowace kaza take ɓoye ƙwanta. Mahaifina da bakinsa ya ba ni labarin shekarar da ta ce gara ta shiga rumbun dawa ta ƙasa, aka ce ta rufe wa mutane baki. Bayan kwana uku babban wansu, Baffa Barau, ya maimaita maganar a zaure, aka fasa rumbun aka tarar haka ne. Har yau ana ba da labarin a matsayin shaidar kaifin basirar Baffa, kuma mahaifina yana dariya yake faɗa, kamar abin dariya ne.

Ta yi aure a Beli, gidan wani tela mai suna Gwadabe, ta shekara talatin da ɗaya tana matsar mai tana tuyar ƙuli-ƙuli. Duk wanda ya ci kasuwar Rogo a wancan lokacin ya san ƙuli-ƙulin Laure, siriri mai ƙaras-ƙaras wanda ba ya fasa wa tsoho haƙori. 'Ya ɗaya ce ta rayu a cikin waɗanda ta haifa, Sadiƙa, wadda take aure a Karaye. Da Gwadabe ya rasu ta gama takaba, sai ta dawo gidan ubanta, inda yanzu Baffa Barau ne maigida. Aka ba ta ɗakin can baya, kusa da tsohon turken awaki. A lokacin wuyan hannunta ya riga ya ƙi, ba ta iya murza tunkuza. Ta shekara guda a zaune ana zubo mata tuwo. Ba wanda ya yi mata gori, gaskiya ɗaya ce, amma ni na san yadda loma take tsaya mata. Ta taɓa ce mini, "Munawwara, mutum ya ci miyar da ko daddawa bai sa a ciki ba, kullum kullum, ai da nauyi."

Bari in ce wani abu game da Baffa Barau, kada a ɗauka mugu ne. Ba mugu ba ne. Manomi ne na gaske, ba ya wasa da salla, kuma ko baƙon da bai sani ba ya sauka a zaurensa sai ya ci ya ƙoshi. Ciwonsa ɗaya: tun da nake ban taɓa jin "ban sani ba" ta fito daga bakinsa ba. Ya san ranar da ruwa zai sauka, ya san abin da ya lalace a rediyon kowa, ya san maganin kowace cuta har da wadda ba a riga an sa wa suna ba. Idan abin ya zo daidai, shi ya faɗa. Idan bai zo daidai ba, to ba a bi maganarsa yadda ya ce ba ne.

Salwa ta shigo rayuwar Gwaggo ne wata rana da ta zo Karaye duba Sadiƙa. Maƙwabcinsu, wani dattijo Malam Nasidi da ya yi ritaya daga aikin gona na gwamnati, yana kiwonsu a keji. Ta tsaya kallon waɗannan 'yan tsuntsaye masu kalar ƙasa, ko cikin tafin hannu ba su cika ba, har aka kira la'asar ba ta motsa ba. A gabanta ɗaya ta tsuguna ta ajiye ƙwai mai ɗigo-ɗigo. Malam Nasidi ya yi mata bayani: sati shida zuwa bakwai suke fara ƙwai, kusan kullum suke yi, ba sa cin wuri, namansu kuma ya fi na kaza daɗi. Matsalarsu ɗaya, ba sa kwanci. Sai da injin ƙyanƙyasa, injin kuma sai da wuta, ita kuwa wutar Fulatan sai dai a ga waya.

Gwaggo ta ce, "Yo Malam, ai zabuwa ma ba ta iya uwa ba. Kaza muke ba wa ƙwanta."

Ya yi dariya, ya ce ƙwan salwa ya yi ƙanƙanta, kaza za ta farfasa. Amma ya naɗe mata guda goma sha biyu a cikin ƙaiƙayi, ita kuma ta aiko masa da 'yar sauran gyaɗar da take da ita.

Malam Nasidi bai yi ƙarya ba. Kazar farko da ta sa wa ƙwan, wata ƙatuwa ce ta Saude matar Baffa, kafin kwana uku ta mayar da su wainar ƙwai. Aka yi ta dariya a tsakar gida. Baffa ya ce ai shi tun ranar da ya ga ƙwan ya san ba za a yi abin kirki da shi ba. Gwaggo ta koma ta roƙi wasu ƙwan, ta zaga ƙauyen nan gida-gida har ta samo wata 'yar guntuwar kaza mara nauyi, wadda mai ita ma ya raina, ta sa mata suna Guntuwa. Ta nemo fasasshiyar tukunya, ta zuba yashi mai laushi, ta shimfiɗa ciyawa a kai. Ranar kwana na goma sha bakwai 'yan tsaki bakwai suka fito, kowanne bai fi babban yatsa ba. Kashegari uku suka nutse a cikin ruwan shan da ta ajiye musu a murfin kwano. Ta zauna ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa. Daga nan ta koyi zuba ruwa a murfin kwalba da 'yan tsakuwa a ciki.

Haka ta yi ta koyo, kowane darasi sai da ta biya shi da rai. Ta gane cewa da sun bushe sai a ɗauke su daga ƙarƙashin kazar kafin ta tattake su, a sa su a kwali kusa da kasko mai garwashi an kifa masa tukunya. Ta gane cewa idan suka firgita sama suke yi tsaye su fasa kai, sai ta rage tsayin kejin ta liƙa buhu a rufinsa. Kejin ma ita ta tsara shi, da kara da tsohuwar ragar waya, ta ɗora shi a kan duwatsu saboda ɓera da tururuwa. Abinci kuwa, ta koma ga abin da ta fi kowa sani: ƙuli-ƙuli dakakke, da dusa, da ɓarzajjen gero, da ɓawon ƙwai da ta ƙona ta niƙa, ranar da aka yi sa'a kuma ta haƙo musu gara. A kowane zubi tana ware waɗanda suka fi jure zafin bazara da waɗanda suka fi yawan ƙwai, ta bar su iri. Waɗanda Malam Nasidi yake sayowa daga birni, da zafi ya matsa sai su yi ta zubewa, har ya gaji ya daina kiwon baki ɗaya. Na Gwaggo kuwa, bayan zubi bakwai, sun zama 'yan Fulatan sosai. Ba inda za ka je ka sayo irinsu.

Cikin shekara biyu gidan ya canza mata fuska. Masu jego suna aikowa a ba su nama, masu kai ƙwai kasuwar Rogo suna biyowa ta ƙofar baya. Miyar gidan ta samu abin tsoma hannu. Shi kansa Baffa kullum da safe sai ya fasa ƙwai uku ya shanye, wai yana saukar masa da hawan jini. Ni ban san gaskiyar wannan ba, shi dai ya faɗa. Idan baƙi suka zo kuwa, sai ka ji shi yana cewa, "Ku zo ku ga salwarmu. Ni na ce mata ta gwada 'yar ƙaramar kaza." Na rantse da kunnena na ji.

Abu ɗaya ne Gwaggo ba ta yi da hannunta: yanka. A wajenmu mace ba ta ɗaukar wuƙa ta yanka dabba, sai dai ta kai wa namiji. Saboda haka duk tsawon shekara biyun nan, ita ce take shiga keji ta zaɓo, ta kai wa Baffa bakin zaure, shi kuma ya yi bisimilla ya ɗora wuƙa yana ci gaba da hirarsa. Ɗaruruwa sun bi ta hannunsa. Ko sau ɗaya bai taɓa juya ɗaya ya kalli ƙirjinta ba.

Ita kuwa salwa ba kamar kaza ba ce. A kaji zakara ne babba. A salwa macen ce ta fi girma da nauyi, ƙirjinta fari-fari da ɗigon baƙi. Namijin ƙarami ne, ƙirjinsa ja-ja ba ɗigo, kuma shi ne mai wannan 'yar carar mai kama da tari. Wannan ba wani ilimi ba ne mai zurfi. Duk wanda ya tsuguna gaban keji na minti biyar zai gani.

A bara, bayan an gama cire gyaɗa, aka sa ranar walimar saukar Alƙur'ani ta Ummu Habiba, 'yar autar Baffa. Kowa a dangi ya kawo gudummawarsa, wani shinkafa, wani mai, wani itace. Gwaggo ta yi alkawarin salwa ashirin. Tun wata biyu kafin ranar ta ware maza ashirin a kejin da yake jikin katanga tana yi musu kiwo. A ɗaya kejin, na gindin dalbejiya, nan irin nata suke: mata ashirin da ɗaya, da maza shida da suke bi da su.

Ana gobe walima naƙuda ta kama Sadiƙa, kuma ta zo da gardama. Ni na hau mashin na je Fulatan ɗauko Gwaggo. Tana cusa kaya a jaka cikin gaggawa, amma duk da haka sai da ta tsaya a bakin zaure ta durƙusa ta gaida Baffa, ta ce, "Yaya, na walimar suna kejin jikin katanga. Su ashirin ne cif, duk maza ne. Na gindin dalbejiya don Allah kada a taɓa, su ne iri."

Ya ce, "To, to. Allah ya sauke ta lafiya."

Ta ƙara cewa, "Ƙananan nan masu jan ƙirji, Yaya. Su ne mazan."

Ya ɗaga mata hannu. "Laure, tun ba a haife ki ba nake yanka kaji. Ki tafi kada ku yi yamma."

A gabana aka yi. Ban ji a bakin kowa ba.

Sadiƙa ta sauka da hantsin kashegari, ta samu 'ya mace, bayan wahalar da ba na son tunawa. Gwaggo ta ce ita ba za ta iya barinta ba, in je in wakilce ta a walimar. Na isa Fulatan wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Tun daga zaure nake jin ƙamshin suya, na shiga da fara'ata ina baza albishir. Sai na tarar da mata a bakin murhu sun yi jugum-jugum. A gaban Saude akwai wani kwanon sha, cike da ƙananan gwaiduwa, wasu kamar ƙwayar gero, wasu kamar ɗan yatsa, wasu ma har sun yi ɓawo. Daga cikin tsuntsayen aka ciro su.

Ban san lokacin da na yar da jakata ba. Na ruga gindin dalbejiya. Maza shida ne kawai a kejin, suna ta zagaye. Na juya jikin katanga, ga ashirin ɗin nan da aka ce a yanka, ƙalau, suna cin dusa.

Saude ce ta ba ni labari tana share ido da bakin zani. Da safe Baffa ya shigo da wuƙarsa, ya leƙa kejin katanga, ya leƙa na dalbejiya, ya girgiza kai. Ya ce tashin hankalin haihuwa ya ruɗa Laure, ta juya maganar. Ina aka taɓa ganin namiji ƙarami mace babba? Da an bi ta tata, da an yanka mata matan kaf. Saude ta ce ita dai ta ji Laure tana cewa manyan ne suke ƙwai. Ya ce da ita da Lauren duk ɗaya ne. Ya kama manyan ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai ashirin ya ga saura ɗaya, ya ce me za a yi da zakara ɗaya, ya haɗa da ita. Ƙwan da Gwaggo take tarawa a ƙoƙo don sabon kwanci kuwa, an dafa an jera a kan shinkafar manyan baƙi.

Na ɗauki kwanon gwaiduwar nan na nufi zaure. Ban yi abin da ya dace da 'ya ba, na sani. Na ajiye shi a gabansa, a gaban malaman da suka zo walima, na ce, "Baffa, ga abin da aka samu a cikin zakarun."

Ya kalli kwanon. Na ga ya gane, wallahi na gani a idonsa. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Ikon Allah. To ai haka Allah ya ƙaddara." Can kuma ya ƙara da cewa, "Ni dama tsuntsun da macensa ta fi namiji girma, ban ga alamar tsuntsun kirki ba ne."

Aka yi dariya. Mutane masu rawani da carbi suka yi dariya. Mahaifina ya ja ni waje ya ce in na sake buɗe baki ranar sai ya saɓa mini. Aka ci walima, aka yi ta santin nama, wani ma yana cewa bai taɓa cin salwa mai maiƙo irin wannan ba. To ba dole ba? Shekara biyun Gwaggo suka ci da shinkafa.

Ni na kai mata labarin. Tana zaune tana riƙe da jaririyar. Na zaci za ta yi kuka, ba ta yi ba. Ta ɗago kai ta ce, "Guntuwa fa?"

Na manta da ita sam. Kwana shida kafin walima Gwaggo ta sa mata ƙwai goma sha huɗu a fasasshiyar tukunyar nan, a lungun bayan rumbu inda ba mai zuwa. A duk duniya, abin da ya rage na irinta ke nan.

Ko suna ba ta jira ba. Kashegari ta ba Sadiƙa haƙuri ta koma Fulatan, ta ɗauke tukunyar da kazar a ciki ta shigar ɗakinta, ta sa kwaɗo a ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba tun dawowarta gidan. Ranar suna ta je da safe ta dawo kafin azahar.

Sai kuma aka fara sintiri. Mahaifina ya zo, sauran 'yan'uwan suka zo, matan maƙwabta suka zo, kowa da magana ɗaya: a yi haƙuri, Laure, ke da aka sani da haƙuri. Babba ne, ba da gangan ya yi ba, don ya taimake ki ya yi. Ai ga maza nan ashirin da shida, ba a yi asarar komai ba. Na tsaya ina lissafin masu shiga ɗakin nan, ina jira in ga mutum ɗaya, ɗaya tak, da zai juya ya nufi zaure ya ce wa Baffa ya je ya ba ƙanwarsa haƙuri. Ban gani ba. Wanda aka yi wa ɓarna shi ake ɗora wa aikin gyaran zumunci, wanda ya yi ɓarnar kuwa yana kan buzunsa yana sauraren rediyo.

Mazan da suka rage, da ba mata, suka koma fasa kan juna. Gwaggo ta bar shida, sauran ta zuba a kwando ta wuce ta gaban zaure, ta gaban Baffa, ta kai wa mahaucin bakin hanya ya yanka mata. Gidan ya ɗauka da ƙus-ƙus, wai ta tozarta maigida.

Ranar kwana na goma sha bakwai, ranar Asabar ce, ina can. Muna zaune a ƙasa ni da ita, muka ji 'yar ƙara a ƙarƙashin Guntuwa. Zuwa la'asar tara sun fito. Biyar ba su yi ba. Kwana biyu bayan nan ɗaya ya mutu, saura takwas. Amma ƙyanƙyasa ba ita ce ƙarshen fargaba ba, domin ɗan tsakon salwa ba a gane macensa da namijinsa sai gashin ƙirji ya fito, wajen sati uku. Idan duk takwas ɗin suka zama maza, shi ke nan, an gama. Sati ukun nan Gwaggo ta rame har zoben hannunta yana zamewa. Ba ta zuwa biki, ba ta zuwa ko'ina, tana tsakanin kasko da murfin kwalba.

Da lokacin ya yi ta kira ni a waya ta ce in zo, ita idonta ba ya gani sosai, wai. Ƙarya take yi, tsoro take ji. Na riƙe kwalin, ita tana ɗaukowa tana juyawa. Na farko ja. Na biyu ja. Na uku ja. Na huɗu ma ja. Na ji tana salati a hankali. Ta ɗauko na biyar ta juya, sai ga ɗigo-ɗigo. Ta manna ta a kumatunta. A nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da na kai mata labari. Mata uku aka samu a cikin takwas.

Uku. Daga ashirin da ɗaya.

Bayan wata guda ukun suka fara ƙwai. Ba ta ci ba, ba ta sayar ba, ba ta ba kowa ba. Tana tarawa a ƙoƙon nan, domin Guntuwa ta sake shiga kwanci. Ranar da suka kai bakwai, da yamma, muna tsakar gida, ni da Saude da mahaifina da ya shigo gaisuwa, sai ga Baffa ya shigo yana gyara hula. Rabonsa da ɓangaren Gwaggo tun ranar walima. Na ce a raina, to, yau dai Allah ya taɓa zuciyarsa.

Ya ce, "Laure, na ji an ce 'yan tsuntsayen namu sun fara. Kin san wata biyu ke nan ban sha ba, kaina har sarawa yake yi. A zubo mini ko guda uku ne."

Shi ke nan abin da ya kawo shi.

Na buɗe baki, mahaifina ya harare ni. Gwaggo ta miƙe a hankali ta ce, "To, Yaya." Na ce shi ke nan, za ta ba shi, gobe kuma a ce mai haƙuri ce.

Ta wuce ƙoƙon ba ta taɓa shi ba. Ta je kejin katanga ta kamo ɗaya daga cikin tsofaffin mazan nan, ƙarami mai jan ƙirji, ta sa shi a ɗan kwandon kara, ta kawo ta durƙusa ta ajiye a gaban Baffa da hannu biyu, kamar yadda ta saba miƙa masa komai tun tana yarinya.

Ta ce, "Yaya, ga ɗaya daga cikin matan da ka bar mini. Ka tafi da ita. Duk ƙwan da ta yi naka ne."

Saude ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin tabarma. Tsuntsun ya zaga cikin kwandon sau biyu, ya tsaya, ya miƙe wuya, ya saki cararsa a fuskar maigida. Sai ya sake.

Baffa ya kalli kwandon, ya kalli mahaifina. Mahaifina ya kalli ƙasa. Na jira in ji abin da zai ce, shi da bai taɓa rasa ta cewa ba.

Gwaggo ba ta tsaya jiransa ba. Ta ɗauki ƙoƙonta ta shiga ɗaki, na bi ta. Ta duƙa ta ɗaga Guntuwa, ta jera ƙwan bakwai ɗin a kan ciyawa ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar ban sake jin wani a gidanmu ya kira ta mai haƙuri ba. Yanzu cewa suke yi Laure ta canza.